Muryar Kawu a Katun Na Biyu

Ni dai tun can ban yarda da katun na biyu ba, wato ci gaban fim ɗin zane. Chale, sau nawa aka yi mana? Na ɗaya ya fito, ya yi daɗi, ka haddace maganganun ciki, sai a ce ga na biyu ya sauka. Ka sayo kelewelenka, soyayyar ayabar nan mai yaji, da zafinsa, ka gyara zama, ashe tsoffin barkwancin nan ne aka canza wa riga. Jarumin bai girma ba, bai rasa komai ba, bai koyi komai ba, kamar a firiji aka ajiye shi aka fito da shi. A aji nake faɗin haka, a tirotiro, motar hayarmu, nake faɗi, har ranar da abin ya zo kaina.

Eh, ina da katun nawa. A waya na zana shi da manyan yatsuna biyu, a hutun da muka gama jarrabawar sakandare. Labarin wani tsohon bunsuru ne da ya mallake 'yar gadar da ke kan babbar gota, kwatar nan da ke tsakanin Nima da Maamobi. Duk wanda zai tsallaka sai ya sha baƙar magana: mai sayar da wache, shinkafa da waken nan, ɗan okada, alhaji mai sauri zuwa masallaci, kowa. Zanen ba wani abin a zo a gani ba ne, ƙafar bunsurun ma wani lokaci uku take fitowa. Muryar ce ta ɗauki katun ɗin, kuma muryar ta Kawu ce, ƙanin mamata.

Kawu doya yake saukewa daga motocin arewa a kasuwar Agbogbloshie. Shekara da shekaru yana ihu a kan ƙarar manyan motoci, har muryarsa ta dushe ta yi kauri, kamar ana jan buhu a kan siminti. A ɗakinsa muka yi ɗaukar, mu biyu a ƙarƙashin bargo saboda ƙarar injin niƙan maƙwabta. In na faɗa masa abin da bunsuru zai ce, sai ya watsar da nawa ya faɗi nasa, kuma wallahi nasa ya fi. Matarsa, wadda muke ce wa Anti, tana bakin ƙofa tana tsaki.

"Babba da kai, ka shige bargo kana kukan akuya."

"Bunsuru dai, Hajiya. Ki ba ni girmana."

In mun gama sai mu saurara ta wata 'yar baƙar sifika tasa, da na haɗa da wayata ta bulutut.

Katun ya tashi paa. Daga wannan guruf ɗin hira na waya zuwa wancan, har 'yan uwanmu na Kumasi suka turo mana shi, ba su san a gidanmu aka yi ba. Yara a lungu in sun hango ni sai ihu: "Fat tu! Fat tu!" wato a yi na biyu. Kawu ya ce in shirya, a na biyu yana so a yi wa bunsurun haƙorin makka.

Ba mu kai ga yi ba. Wata safiya ya fita kasuwa, ya faɗi a tsakanin tarin doya, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Anti ta shiga takaba.

Gidanmu gidan yawa ne, ɗakuna a zagaye, tsakar gida ɗaya, na Kaka ne, uwar mamata da Kawu. Ɗakin Anti yana kallon namu. Tun da ta shiga takaba labulen ɗakin bai sake ɗaguwa ba. Ba ta fita, ba kwalliya, ba turare, magana ƙasa-ƙasa. Ana kai mata abinci, ana fito da shi kusan yadda aka kai. Abin da kawai ke fitowa daga ɗakin shi ne karatun Alƙur'ani, daga 'yar sifikar nan ta Kawu da ta saka wa memori. Tun safe har yamma yana tafiya, har kunnenmu ya saba, mun daina jinsa.

Ana cikin haka sakamako ya fito. Na ci, na samu jami'a! Ba halin ihu a gidan makoki, sai da na ruga bayan gida na yi tsallena ni kaɗai, bakina a toshe da gyale. Mutum na farko da na so in gaya wa Kawu ne. Kafin in ankara na buɗe hirarmu a waya. Kawu ba ya taifin, sai saƙon murya, boyis kan boyis, tsawon shekaru. "Ki ce wa Antinki ta ɗora ruwa." "Muna Tudu, go-sulo ya riƙe mu." "Ke 'yar boko, wayata ta ƙi ɗaukar caji." Ga shi nan duk a hannuna, kalma-kalma. Nan take na ji kaina ya kunna wuta. In na yanko kalma daga nan, na yanko daga can, na jona, ai bunsuru zai yi magana. Fat tu ya samu ke nan.

Na yi murna da dabarar nan sosai, kuma na iya. Yatsuna suna gudu a kan gilashin kamar ba nawa ba. Farkon katun ɗin na tsara shi haka: gada babu kowa, mutane suna ta wucewa cikin jin daɗi, sai ga bunsuru ya faɗo daga sama ya ce, "Na dawo."

Wata rana bayan azahar ina zaune a ƙofar ɗakinmu, iyafis a kunnena, injin niƙa yana ta ruri. Na danna in ji yadda jonin ya zauna, shiru. Na ƙara sauti har ƙarshe, na sake dannawa, shiru. Na ce wannan iyafis ɗin ɗan kasuwar Tudu ya fara halinsa. Na yi ta dannawa ina tsaki. Sai dumso ya faɗo, aka ɗauke wuta. Injin ya mutu, fankoki suka tsaya, rediyon maƙwabta ya yi gum. Na zare iyafis ɗin, sai na ji gidan ya yi wani irin shiru da ban san shi da shi ba. Sai daga baya na gane karatun ne babu. Mamata tana tsaye a tsakar gida da taɓarya a sama, ba ta sauke ba. Kaka tana kan tabarmarta, carbi ya tsaya a yatsunta. Duk ɗakin Anti suke kallo.

Ban gane ba tukuna. Yatsana ya sake taɓa wayar.

"Na dawo."

Daga bayan labulen ya fito, da cikakkiyar muryarsa, kamar yanzu ya cire takalmi a bakin ƙofa. Ni na danna, ni na yanka, ni na jona, amma sai da tsikar jikina ta tashi har tsakar kaina. Sai kuma muryar Anti, a hankali, yadda take yi kullum in ya shigo da yamma:

"Sannu da zuwa."

Ashe sifikar ba ta manta da wayata ba. Ina kunna bulutut don in haɗa iyafis ɗina, sai ta yanke karatun ta kama ni.

Na miƙe na je, na yi sallama na ɗaga labulen. Ɗakin duhu, da warin kafur. Anti tana zaune a ƙasa, ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Sifikar tana kan kujerar Kawu, shuɗiyar fitilarta tana ƙyaftawa, kuma a gabanta an ajiye kofinsa cike da ruwa.

"Anti, ki yi haƙuri, wallahi ban san..."

"Na san ke ce," ta ce, ba ta ko kalle ni ba. "Ban haukace ba, 'yata. Na ga fitilar ta canza. Saki labulen ki zauna."

Na zauna. Ta daɗe tana murza bakin zanenta kafin ta yi magana. Ta ce da safen ranar sun yi faɗa. Kawu yana da hawan jini, kuma shan magani ne ba ya so. Ta miƙa masa ƙwayar da ruwa, ya ce sai ya dawo. Ta bi shi har ƙofa, ya ƙi. Ranta ya ɓaci, ta ce masa, "To je ka. In ba za ka sha ba, kada ma ka dawo min nan." Ya fita bai juyo ba. Maganar ƙarshe da ta shiga tsakaninsu ke nan, kuma ba ta gaya wa kowa ba, ko Kaka.

"Ana cewa mace ta nemi gafarar mijinta tun yana numfashi," ta ce. "Ni a nannaɗe aka kawo min shi. Na roƙa, ba amsa." Sai ta juyo ta kalle ni, idonta a bushe. "Tunda kin iya sa shi ya ce ya dawo, ki sa shi ya ce ya yafe min."

Me zan ce? Na ce to.

Kalma uku ce kawai, "Na yafe miki," amma sai da na bi boyis ɗinsa kaf kafin in same su. Kwana da kwanaki ina yawo da mamaci a kunne. Ina wanke-wanke yana ba ni labarin direban da ya yi barci a unguwar Malam, ina layin famfo yana dariya. Wani lokaci in manta, in danna zan ba shi amsa. "Na" ba ta yi wuya ba, tana ko'ina. "Yafe" na samo ta a wani saƙo da yake zancen ɗan okadan da ya taka masa ƙafa. "Miki" kuma daga "na sayo miki kifi". Matsalar, kowace kalma da ranarta a bayanta. Bayan "na" akwai hon ɗin babbar mota. Bayan "yafe" ruwan sama yana dukan kwano. Bayan "miki" kuwa, can ƙasa-ƙasa, Anti ce da kanta take dariya. Na goge hon, na goge ruwa, na goge dariyarta. Da na gama, muryar ta fito tas, babu komai a bayanta, kamar mutum yana magana daga cikin tankin da ba ruwa.

Na kai mata. Ta rage sautin, ta ɗora sifikar a kunne, ta lumshe ido.

"Sake."

Na sake.

"Sake."

Washegari bayan azahar ta aiko a kira ni. Da jibi ma. Ya zama kullum: karatu ya yanke, in zauna a gefenta, in danna, in danna, in danna. Na zaci za ta fara cin abinci, ina! Sai ma ta fara ƙaro min aiki. "Ki sa ya tambaye ni me na dafa." Na haɗa. "Ki sa ya ce in rufe taga, sauro." Na haɗa. Tana amsa masa ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan tsakinta. Ta fara shimfiɗa masa darduma. Rannan na shiga na tarar ta fito da takalmansa ta jera a bakin ƙofa daga ciki. Ni da na zo yin katun na biyu, ga shi ina yin wani na biyun a ɗaki mai duhu, mai kallo ɗaya, kuma irin wanda na fi tsana: kowa yana nan yadda aka bar shi, babu abin da ya faru.

Ni ma abin ya fara taɓa ni. In wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. In na wuce ɗakin sai in ga kamar labulen ya motsa daidai tsayin kafaɗarsa.

Kaka ba ta jin kalmomin, amon kawai ke ratsa bango ya iske ta a tabarma. Wata yamma da na zo wucewa, sai ta kama bakin siket ɗina.

"Ke, zo nan, mai yatsun aljanu. Mun binne shi ko ba mu binne shi ba?"

"Mun binne, Kaka."

"To wane ne wannan da ba ya numfashi? Ɗana in zai yi magana sai ya ja iska kamar zai ɗaga buhu. Wannan magana kawai yake zubowa. Ni dai ba ni na haife shi ba." Ta sake ni. "Je ki. Amma ki sani ina ji."

Na shiga ɗakin Anti ina neman yadda zan ce mata na gaji. Ban ma buɗe baki ba. Na danna mata na yafiyar nan kamar kullum, ta saurara, ta sauke sifikar daga kunne ta riƙe ta a cinya.

"Wa ya zaɓi kalmomin nan?"

"Ke, Anti."

"Wa ya jera su?"

"Ni."

"To ke kika yafe min ke nan." Ta ɗan yi murmushi, irin wanda gara kuka da shi. "Na gode, 'yata. Amma ba ke na yi wa laifi ba. Raba wayarki da abin nan."

Na raba su a gabanta. Karatun ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ta ɗauki kofin ruwan ta miƙo min in zubar.

Ranar na goge bunsurun daga katun ɗin gaba ɗaya. Na zauna ina kallon gadar babu kowa a kai, sai na ga ai labarin ke nan. Abin da na yi ta faɗi a tirotiro ban gane shi ba sai lokacin: na biyu mai kyau shi ne wanda ya yarda lokaci ya wuce. Wani ya tafi, gurbinsa yana nan kowa yana gani, wanda da yake gefe yana tsaki yanzu dole shi zai yi magana. A na ɗaya akwai wata akuya da na zana a bayan gada, ba ta cewa komai, harara kawai. Na jawo ta gaba.

Da na gaya wa Anti ita za ta yi muryar akuyar, ta ce ba ni da kunya. Bayan kwana biyu ta aiko a ce in zo da bargon. Chale, ashe matar nan ta fi mijinta baki! Ta wanke mai wache, ta wanke ɗan okada, ni ina ƙarƙashin bargo ina cizon hannu kada dariyata ta shiga. A ƙarshe na rubuta akuya za ta kalli inda bunsuru yake kwanciya ta ce ya bar mata aiki. Ta karanta, sai ta faɗi nata:

"Abin da na ce maka da safen nan, da ka ƙi shan magani, cewa kada ka dawo, a baki ne kawai. Ka yafe min."

Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban kashe ɗaukar ba. Muna zaune cikin zafin bargon, ina jin numfashinta. Daga baya na ce zan sa ɗan kiɗa mai taushi a wurin. Ta ce kada in sa komai, in bar shi yadda yake.

Ranar da ta fita takaba aka yi sadaka, aka dafa shinkafa, gida ya cika da mata da yara. Bayan la'asar maƙwabcinmu ya fito da talabijin ɗinsa tsakar gida, na jona wayata. Anti tana zaune kusa da Kaka cikin sabon atamfa, hasken rana yana sa ta ƙifta ido. Yara suka fara tambaya ina bunsuru. Akuya ta buɗe baki, aka fashe da dariya, mata suna tafawa suna nuna Anti, ita kuma ta rufe fuska da mayafi. Ni kam kamar in tashi sama.

Sai aka zo ƙarshe. Akuya ta juya ta kalli gurbin, ta faɗi maganarta. Dariya ta ɗauke. A allon babu abin da ke motsi sai ruwan gota da na zana yana wucewa a ƙarƙashin gada, kuma ana jin numfashin mace a hankali. Shirun ya yi tsawo har wani yaro ya ce sauti ya lalace, uwarsa ta make shi. Na lura duk manyan da ke wurin sun karkata kunne, ni ma haka, kamar da gaske muna jiran muryar nan mai kauri ta amsa.

Kaka ce ta yi magana.

"Wannan ne? Wannan kika ɗauka kika shiga ɗaki da shi duk watannin nan?"

Anti ta sunkuyar da kai.

"Ai ya sha maganin," in ji Kaka. "A ɗakina ya sha, da kokona. Yana da wasu a aljihu kullum. Ya shigo gaishe ni yana dariya, ya ce, Inna, surukarki ta kore ni. Na ce to ka gaya mata ka sha mana. Ya ce a'a, bar ta, faɗanta ne ke sa in ji ina da gida." Ta share ido da bakin zane. "Da kin tambaye ni, 'yar nan. Babu abin da ya riƙe ki da shi. Lokacinsa ne ya yi."

Anti ta ɗago ta kalli Kaka, bakinta a buɗe.

"Kullum?" ta ce. "Kullum yana sha, yana barina ina ta haƙilo?"

"Kullum."

"Kai, wannan mutumin! Wannan mutumin, Allah ya ji ƙanka, amma ka cuce ni!"

Dariya ta fara, sai ta rikiɗe ta zama kuka mai sauti, irin wanda ba mu ji ta yi ba ko ranar da aka fita da shi. Ta kifa kai a cinyar Kaka, Kaka tana bubbuga bayanta. Babu wanda ya ce ta yi shiru. Da ta lafa, ta share fuska, ta dubi mamata ta ce a zubo mata shinkafar nan, a sa mata yajin shito da yawa.